Tambaya da Amsa: Saƙa Ɗan Faifan Kofi Don Tallafa wa Gidajen Kula da Dabbobi

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun taru ne a kan abu ɗaya, wato ɗan faifan da ake saƙawa da zare a ɗora kofi a kai, a sayar, a kai kuɗin gidajen da ke kula da karnuka da kyanwoyi da jakunan da ba su da mai su. Malaman saƙa da likitan dabbobin da ke duba mana wannan fili ne suka haɗu suka ba da amsoshin.

Assalamu alaikum. A unguwarmu nan Landan an ce kowa ya saƙa ɗan faifan kofi a kai don gidan kula da dabbobi. To me kare ko kyanwa za su yi da faifan kofi? (Wata uwa, Landan)

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Faifan ba na dabba ba ne, na teburin mutane ne. Ana tara su, a baje a teburin sayarwa ranar wani taro ko a shagon gidan dabbobin, kuɗin da aka samu shi ke zama abinci da magani da allurar rigakafi da kuɗin tiyatar hana haihuwa.

Irin waɗannan gidaje sun daɗe a Ingila. Ƙungiyar RSPCA mai hana zaluntar dabbobi ta faro tun 1824. Gidan Battersea da ke garinku wata mata ce, Mary Tealby, ta kafa shi a 1860 a unguwar Holloway, ya koma Battersea a 1871, ya fara karɓar kyanwoyi a 1883. A Amurka kuma Henry Bergh ya kafa ƙungiyar ASPCA mai irin wannan aiki a 1866. Yawancinsu da gudummawar jama'a suke tafiya, shi ya sa ba sa raina ƙaramin abu.

An zaɓi faifan kofi ne saboda dalilai masu ma'ana. Ragowar zaren da ke ƙasan jaka ya isa a yi shi. Mai koyo ma za ta gama ɗaya a zama guda. Ba ya buƙatar awon jikin kowa, ba kamar hula ko rigar sanyi ba, kuma farashinsa bai kai wanda mai wucewa zai tsaya dogon tunani ba. Mu da muka tashi muna ganin faifan kaba a bakin ƙwarya da kwanon tuwo, wannan ƙanensa ne, sai dai shi a ƙarƙashi yake zama.

Ina da kibiyoyin saƙa amma ban taɓa gama komai da su ba. A yi mini bayani daki-daki: wane zare, ido nawa, layi nawa? (Mai koyo, Kaduna)

Malama, fara da zare, don a nan aka fi yin kuskure. Zaren auduga za ki nema, mai matsakaicin kauri, irin wanda takardar jikinsa ta nuna kibiya mai milimita 4 ko 4.5. Ulun roba da ya cika kasuwa, wanda ake yi wa jarirai hula da safa da shi, bai dace ba. Kofin ruwan sanyi yana zufa, ulun roba kuma ba ya shan ruwa, sai raɓar ta bi ta ramukan saƙar ta sauka kan tebur, ga shi abin da aka yi faifan don hanawa ke nan. Idan kuma wani ya manta ya ɗora masa tukunya ko butar shayi daga kan wuta, narkewa yake yi ya manne. Auduga tana shanye ruwa, tana jure zafin kofi, tana ɗaukar wanki. Idan kina shakka a kan zaren da ke hannunki, yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, na roba yana ƙanƙancewa ya zama ɗan dunƙule mai tauri.

Kayan aikin ba su da yawa: kibiyoyi biyu masu milimita 4, almakashi, tef ɗin awo, da allura mai faɗin ido marar tsini, kamar ƙaramar basilla, don ɓoye bakin zare. Faifai ɗaya mai santimita 10 a kowane gefe yana cin zare kamar giram 8 zuwa 10, don haka dunƙule mai giram 50 yakan ba da biyar.

A nan idan muka ce ido, muna nufin kowane madauki ɗaya da ke kan kibiya. Ki warware zare kamar santimita 60 ki bar shi a matsayin jela, ki ɗora ido 20 a kan kibiya. Kada ki matse su. Gwajin shi ne ki iya zame su gaba da baya a kan kibiyar da ɗan yatsa ɗaya ba tare da kokawa ba.

Saƙar gaba kaɗai za ki yi daga farko har ƙarshe. Zare yana bayan aikin. Ki soka kibiyar dama cikin ido na farko daga gaba zuwa baya, ki zagaya zaren a kanta, ki jawo sabon madauki ta cikin tsohon, ki zame tsohon daga kibiyar hagu. Idan layi ya ƙare, ki juya aikin ki sake. Layi 40 za ki yi. Ba sai kin riƙa ƙirga su ɗaya-ɗaya ba: kowane layi biyu suna fitar da tudu ɗaya a kwance kamar kunyar gona, idan kin ƙirga kunya 20 a fuska ɗaya kin iso. A wannan saƙa, yawan kunya daidai da yawan ido shi ke ba da murabba'i. Akwai kuma gwajin da ya fi tef sauri: ki naɗo kusurwar ƙasa ta dama zuwa kusurwar sama ta hagu. Idan gefuna suka haɗu cif, faifan ya daidaita.

Wurin rufe baki, ki saƙa ido biyu, ki ɗago na farko da bakin kibiyar hagu ki tsallakar da shi kan na biyu ya fita. Ki saƙa wani ɗaya, ki sake tsallakarwa, haka har ido ɗaya ya rage. Ki yanke zare ki bar santimita 15, ki zura shi cikin idon ƙarshe ki ja. Hannun masu koyo yakan matse a wannan layi, sai saman faifan ya fi ƙasan ƙanƙanta. Maganinsa ki rufe bakin da kibiya mai milimita 5.

Saura jela biyu. Auduga santsi gare ta, ba ta kama jikinta kamar gashin tumaki, don haka idan kika yanke jelar kusa da ƙulli, wanki biyu zai fito da ita. Ki zura ta a allura, ki bi ta cikin kunya ɗaya santimita 4 ko 5, ki juyo baya ta kunyar da ke kusa santimita 2, sannan ki yanke.

Kafin ki kai shi teburin sayarwa, ki jiƙa shi minti 15 a ruwa, ki matse a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, ki shimfiɗa, ki gyara kusurwoyin da yatsa har awon ya koma 10 da 10, ki bar shi ya bushe a inuwa. Wannan ɗan aiki shi ke raba faifan da ake saya da wanda ake ɗagawa a ajiye.

Nawa yana naɗewa kamar tabarma, kofi ba ya zama a kai. Na yi guga ya ƙi. Kuma gefe ɗaya ya fi faɗi. (Hajiya daga Zinder)

Hajiya, barka da ƙoƙari. Daga bayaninki, saƙa mai santsi kika yi, wato layi ɗaya saƙar gaba, layi ɗaya saƙar baya (wadda ake yi zare yana gaban aikin, a soka kibiya cikin ido daga baya zuwa gaba), irin ta jikin rigar sanyi. Naɗewa ɗabi'arta ce, ba laifin hannunki ba ne. A wannan saƙa duk madaukan suna lanƙwasa ta fuska ɗaya, sai gefen dama da na hagu su naɗe zuwa baya, sama da ƙasa su naɗo gaba. Dutsen guga yana kwantar da ita na ɗan lokaci ne kawai, da ta sha ruwa za ta koma gidan jiya. Dole a gyara daga saƙar kanta: ko dai ki yi ta duka da saƙar gaba kamar yadda muka bayyana a sama, ko ki kewaye tsakiyar da iyaka, layi shida na saƙar gaba a ƙasa, shida a sama, da ido uku a kowane gefe da ake yi wa saƙar gaba a kowane layi.

Akwai wata da muka fi so ga faifan kofi, mai kama da tsabar gero. Ki ɗora ido 21, ki yi gaba ɗaya, baya ɗaya, har ƙarshen layi, ki ƙare da gaba. Kowane layi haka. Saboda adadin mara ne, tudu yana faɗawa kan rami a layi na gaba da kansa. Ba ta naɗewa, tana da kauri, gindin kofi ba ya zamewa a kanta. Abin lura ɗaya ne: duk lokacin da za ki canza daga gaba zuwa baya, ki kawo zaren gaba ta tsakanin kibiyoyi biyu, ba ta saman kibiya ba. Idan ya bi ta sama, ya zama ƙarin ido da rami a ƙarƙashinsa.

Wannan ya kawo mu batun faɗin da ya ƙaru. Ki ƙirga idonki yanzu, za ki tarar sun haura yadda kika fara. Hanya biyu aka fi samun haka. Ta farko, a farkon layi zaren yana rataye ta saman kibiya zuwa baya, sai ya jawo idon farko ya nuna ƙafafu biyu, ki saƙa su a matsayin ido biyu. Kafin ki fara layi, ki sauko da zaren ƙasa ki duba. Ta biyu, bakin kibiya yana tsaga zaren auduga biyu, ki saƙa rabi ki bar rabi. Ki riƙa ƙirgawa bayan kowane layi biyar, don warware layi biyar ya fi warware talatin sauƙi.

Na ga ana saka sawun kyanwa a tsakiyar faifan. Yaya ake fitar da shi ba tare da canza launin zare ba? (Ɗalibar makarantar koyon sana'a, Kano)

'Yata, dagin kyanwa ke nan, kuma shi ya fi tafiya a teburin gidajen dabbobi, don mai saye yana ganinsa ya san inda kuɗinsa za su. Da tudu da santsi ake zana shi. Ga lissafin, ki kwafe a takarda ki riƙa sa alama a layin da kika gama.

Ki ɗora ido 21, ki yi layi shida na saƙar gaba. Daga nan layi 20 ne na tsakiya. Duk layin da fuskar faifan ke kallonki, saƙar gaba ce zalla daga farko zuwa ƙarshe. Zanen yana fita ne a layukan bayan faifan, guda goma. Kowannensu yana farawa da gaba uku, ya ƙare da gaba uku, ido 15 na tsakiya kuma ga yadda za su kasance:

Na 1: baya 15.
Na 2 da na 3: baya 4, gaba 7, baya 4.
Na 4: baya 5, gaba 5, baya 5.
Na 5: baya 6, gaba 3, baya 6.
Na 6 da na 7: baya 2, gaba 2, baya 7, gaba 2, baya 2.
Na 8 da na 9: baya 5, gaba 2, baya 1, gaba 2, baya 5.
Na 10: baya 15.

Sai layi shida na saƙar gaba, ki rufe baki. Na 2 zuwa na 5 su ne tafin dagin, na 6 da na 7 yatsun gefe, na 8 da na 9 yatsun tsakiya. Kowane layi idan kika haɗa lambobinsa 15 zai ba ki, idan bai ba ki ba, kin tsallake wani abu.

Kada ki damu idan zanen bai fito sosai a kan kibiya ba, sai an jiƙa an shimfiɗa yake bayyana. Launi kuma yana da tasiri. Zare mai launuka gauraye yana haɗiye zanen gaba ɗaya, baƙi da shuɗi mai duhu suna ɓoye inuwar da ke nuna tudun, fari kuma shayi yana ɓata shi tun ranar farko. Ruwan ƙasa, ruwan toka, ruwan goro ko kore mai haske sun fi. Idan ja ne ko shuɗin baba, ki jiƙa ɗan guntu a ruwan ɗumi ki matse a farin ƙyalle. Idan ya zuba, ki wanke faifan shi kaɗai har ruwan ya fita fes kafin ki sayar, kada ya rina wa wani mayafin tebur.

Ni kwarashi na iya, ban iya kibiya biyu ba. Zan iya shiga? (Mai saƙar huluna, Gusau)

Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa, naki ma ya fi sauri. Da kwarashi mai milimita 4 da zaren auduga, ki yi sarƙa huɗu ki haɗa ta zobe. Zagaye na farko dogon ido 12 a cikin zoben, wato wanda ake zagaya zare sau ɗaya kafin a soka, sarƙa ukun da kika tashi da su suna matsayin na farko. Zagaye na biyu, biyu a cikin kowane ido, 24. Na uku, ɗaya sannan biyu, ɗaya sannan biyu, 36. A nan faɗinsa zai kai santimita 9 zuwa 10. Idan kina son baki mai ƙarfi, ki ƙara zagaye na gajeren ido, biyar ɗai-ɗai, na shida biyu, ya ba ki 42.

Hannun da ya saba da hula yana da halin rage ƙari don saƙar ta lanƙwaso. A faifai, idan ya tashi kamar ƙoƙo, ƙarin ya yi kaɗan ko hannu ya matse. Idan bakin ya yi tattara kamar ganyen latas, ƙarin ya yi yawa. Ƙa'idar dogon ido ita ce ƙarin 12 a kowane zagaye.

Maimakon faifai, ba gara in saƙa wa dabbobin bargo ba? Kuma kyanwata tana yawan wasa da zarena, akwai matsala? (Wani magidanci mai saƙa, Accra)

Malam, bari mu fara da ta biyun, don ita ce mai haɗari. Ka raba kyanwarka da zare yau. Harshen kyanwa yana da ƙananan ƙayoyi masu kallon maƙogwaro, idan zare ya shiga bakinta da wuya ta iya tofar da shi, sai ta yi ta haɗiya. Sau da yawa baki ɗaya yana naɗewa a ƙarƙashin harshe ko ya maƙale a mafitar tumbi, sauran ya wuce cikin hanji. Hanji yana ta ƙoƙarin tura shi, shi kuma a ɗaure yake, sai hanjin ya tattare a jikinsa kamar wando a jikin mazagi, zaren ya riƙa yanka shi daga ciki. Alamominsa amai, ƙin cin abinci, kwanciya lamo, da jin zafi idan an taɓa ciki. Idan ka ga bakin zare yana leƙowa daga bakinta ko ta bayanta, kada ka ja shi ko kaɗan, jan ne ke fasa hanjin. Ka kai ta wurin likitan dabbobi a ranar, yawanci tiyata ce maganinsa. Guntayen da kake yankewa ka tara su a gwangwani mai murfi, jakar saƙa kuma ta kasance mai zif.

Batun bargo kuwa, wasu gidajen suna karɓa, wasu ba sa karɓa, kuma kowanne yana da hujja. Kyanwar da aka kawo sabon wuri tana samun natsuwa idan tana da shimfiɗa mai ɗauke da ƙamshinta, wasu gidajen ma suna ba wanda ya ɗauke ta bargon ya tafi da shi. Amma kare yana tauna saƙa ya haɗiye, farce yana maƙalewa a saƙa mai manyan ramuka, kuma kayan waɗannan gidaje ana wanke su da ruwan zafi da maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda makero da cututtukan da ke yaɗuwa tsakanin dabbobi. Idan sun ce suna so, ka yi shi kamar santimita 50 a kowane gefe, saƙa matsattsiya, babu tuntu, babu maɓalli, babu dutsen ado, a ɓoye kowace jela.

Tambaya kafin aikawa ba ƙaramin abu ba ne. Lokacin gobarar dajin Ostareliya ta ƙarshen 2019 da farkon 2020, masu saƙa da ɗinki daga ƙasashe da yawa sun aika jakunkunan renon jariran dabbobi da safar hannun dabbar kowala, har kayan suka fi ƙarfin buƙata, masu aikin ceto suka roƙi a dakata, abin da suke nema a lokacin kuɗi ne. A tsibirin Phillip na ƙasar kuma, inda malalar mai ta shafi ƙananan tsuntsayen fengwin a 2001, ana sa musu 'yan rigunan saƙa don kada su tsefe gashinsu da baki su haɗiyi man. Rigunan da aka aiko sun yi yawa ƙwarai, sai aka koma sanya wa tsuntsayen wasan yara ana sayarwa, kuɗin na shiga aikin kula da na gaske. Faifan kofi ya bi wannan hanya tun daga farko, shi ya sa muke ganin ya fi bargon da ba a nema ba amfani.

Mu ƙungiyar mata ce. Nawa za mu sayar, kuma a nan ƙasarmu wa za mu ba kuɗin? Wasu ma suna cewa mutane na fama da yunwa, mu muna ta dabba. (Shugabar wata ƙungiya, Zariya)

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Maganar masu cewa mutane na fama gaskiya ce, kuma ba wanda ya ce a cire daga bakin maraya a ba kyanwa. Amma tausayin dabba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Hadisi ingantacce ya ba da labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba, da kuma mutumin da Allah ya gafarta masa saboda ya ɗebo ruwa a rijiya da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sannan a nan, kula da dabba sau da yawa kula da mutum ne kai tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, yara ne kaso mai yawa a cikinsu, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki rigakafi, cutar tana daina yawo. Jakin mai ɗebo ruwa ko yashi kuma, idan mangala ta ci masa baya ya kwanta, tukunyar gidan ce ta kwanta.

Gidajen kula da dabbobi irin na Turai ba su da yawa a arewa, don haka kada ku tsaya jiran su. A garinku akwai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, akwai tsangayoyin likitancin dabbobi a jami'o'in Sakkwato da Maiduguri, ga asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato kuma tana sarrafa allurar rigakafin haukan kare. Ku je ku zauna da likita ku tambaye shi abin da kuɗinku zai iya: allura nawa, maganin tsutsar ciki da na kaska nawa, ko wankin gyambon jakuna nawa. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, 4 ga Oktoba kuma ranar dabbobi, sayarwarku za ta fi jan hankali idan ta zo dab da su. Idan kuma wata ƙungiya ce kuka gani a intanet tana neman taimako da hotunan dabbobi, ku nemi shaidar rajistarta, ku tura mutum biyu su ga wurin da idonsu, su ga ruwan sha da tsabtar keji, su ji sunan likitan da ke zuwa. Ya fi kwanciyar hankali ku sayi buhun abinci ko magani ku kai da hannunku, ku karɓi rasit.

Farashi kuma da lissafi ake sa shi. Misali kawai, ku maye gurbinsa da farashin kasuwarku: a ce dunƙulen giram 50 naira 2,000 ne, ya ba da faifai biyar, kowanne ya ci 400. Ku haɗa huɗu-huɗu ku ɗaure da zare da 'yar takarda, a ce 200, jimilla 1,800. Idan kuka sayar 4,000, abin da zai tafi ga dabbobi 2,200 ne. Ku rubuta wannan adadi a jikin takardar ƙarara. Kalmar "wani ɓangare na kuɗin" ita ke jawo zargi. Ku cire kuɗin zare tukuna don aikin ya ɗore, ku sa mutum biyu su ƙirga kuɗi tare, ku karanta rasit a taron ƙungiya. Kafin ku sa suna ko tambarin wani gida a kayanku, ku nemi izininsu a rubuce.

Ga 'yan'uwa da ke Birtaniya, ƙarin bayani ɗaya: tsarin Gift Aid, wanda ta hanyarsa gwamnati ke ƙara wa ƙungiyoyin agaji fam 25 a kan kowane fam 100, yana aiki ne a kan kyautar da mai biyan haraji ya bayar daga aljihunsa, ba a kan kuɗin cinikin kaya ba. Kada ku shigar da kuɗin faifai da sunan kyautar mutum ɗaya.

Masu saye suna tambayata yadda za su wanke shi, wasu kuma sun ce kofin gilashin shayi yana barin tabo a tebur duk da faifan. (Mai shago, Maraɗi)

'Yar'uwa, wankinsa da sabulu da ruwan ɗumi ne, a matse, a shimfiɗa a kwance. Idan aka rataye shi a igiya da jiƙa, nauyin ruwan yana ja shi ya yi tsawo. Auduga tana ɗan shiga a wankin farko, shi ya sa muka ce a jiƙa kafin a sayar.

Tabon da suke gani a tebur mai fenti ko mai sheƙi zafi ne ya ratsa, faifan ya yi siriri. Ga masu shayi mai zafi a gilashi, ki haɗa zare biyu ki saƙa su tare kamar ɗaya, da kibiya mai milimita 5, ido 15, kunya 15. Zai ci zare kusan ninki biyu, dunƙule ɗaya ba zai wuce faifai uku ba, sai ki gyara farashinsa daidai da haka.